Tambaya da Amsa: Ƙaramin shago a Kanada da haƙƙin 'yan asalin ƙasa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina zaune a birnin Winnipeg na lardin Manitoba a ƙasar Kanada tare da maigidana da 'ya'yanmu, kuma ina da ƙaramin shago kusa da tsakiyar gari inda nake sayar da kayan abincin gida, irin su shinkafa, manja, garin rogo, kuka, daddawa da yaji, da taimakon ma'aikata biyu. Wasu abubuwa ne suka ɗaure mini kai. Duk ƙarshen watan Satumba yarana sukan ce a saya musu riga mai ruwan lemo da za su sa zuwa makaranta, kuma mai gidan shayin da ke gefena ta liƙa takarda a ƙofarta cewa tana kasuwanci ne a ƙasar Yarjejeniya ta Ɗaya, tana kuma goyon bayan sulhu da 'yan asalin ƙasa, har ta ba ni shawarar in yi irin haka. Bayan wannan, akwai mutanen da ke kwana a titin unguwarmu, da yawansu 'yan asalin ƙasar ne, wasu suna shigowa shagon don su sha ɗumi idan sanyi ya tsananta. Wasu 'yan'uwanmu sun ce in riƙa sa musu ido domin ɓarayi ne, kuma wai ba sa biyan haraji, komai gwamnati ke ba su kyauta. Ni baƙuwa ce a nan, ba kakannina ne suka ƙwace wa kowa ƙasa ba, mu ma Turawa sun mulke mu. Shin akwai abin da ya hau kaina a wannan sulhun? Kuma me shago irin nawa zai iya yi ba tare da ya karye ba?

Daga Hajiya mai shago, Winnipeg

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Hajiya. Allah ya sa wa kasuwa albarka, ya raya zuri'a. Laifin abin da aka aikata kafin ki zo ba ya wuyanki, amma akwai alkawarin da ya hau kanki tun ranar da kika zauna a ƙasar kika fara cin arzikinta, kuma shago mai ma'aikata biyu yana da hanyar sauke rabonsa na wannan alkawari ba tare da ya taɓa uwar kuɗi ba. Sai dai maganar ba za ta zauna ba sai an san abin da ake neman sulhu a kansa, saboda haka ki yi haƙuri in fara daga tarihi.

'Yan asalin Kanada rukuni uku ne a tsarin mulkin ƙasar: Al'ummomin Farko, waɗanda a yankinku suka haɗa da Anishinaabe da Cree da Dakota da Dene, sai Inuit na can arewa mai ƙanƙara, sai kuma Metis, zuriyar auratayya tsakanin 'yan asali da Turawa, waɗanda bakin Kogin Red, wato inda Winnipeg take a yau, shi ne mahaifarsu. Ƙidayar 2021 ta nuna sun kai kimanin miliyan 1.8, wato kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar, kuma babu birnin da ya kai Winnipeg yawansu, domin sun haura dubu 100 a birnin da kewayensa. A 1876 gwamnatin tarayya ta kafa abin da ake kira Dokar Indiyawa, wadda har yanzu tana aiki bayan gyare-gyare, kuma a ƙarƙashinta ne gwamnati ta riƙa yanke hukuncin wanda ya cancanci a kira ɗan asali, ta haramta wasu bukukuwansu na gargajiya, har ta hana su tara kuɗin ɗaukar lauya don neman haƙƙin ƙasarsu daga 1927 zuwa 1951.

Mafi ciwo a cikin wannan tarihi shi ne makarantun kwana. Daga shekarun 1880 gwamnati ta riƙa ba da kuɗi, majami'un Katolika da Angilika da Methodist da Presbyterian suna gudanarwa, ana raba yara da iyayensu ana kai su nesa da gida da niyyar a mantar da su harshensu da addininsu da duk abin da ya haɗa su da danginsu. A 1920 aka mayar da zuwa makaranta dole ga yaran da ke tsakanin shekara 7 da 15, kuma iyayen da suka ƙi suna iya fuskantar hukunci. Yara kimanin dubu 150 ne suka bi ta waɗannan makarantu, ba a rufe na ƙarshensu ba sai a 1996 da 1997, kuma ɗaya daga cikinsu, makarantar Assiniboia, a cikin Winnipeg take, ta yi aiki daga 1958 zuwa 1973. Ana dukan yaro idan ya yi magana da harshen uwarsa, an yi lalata da yara masu yawa, abinci ba ya isa, cuta kuma ta yi ta kwasarsu. Tun a 1907 wani likitan gwamnati mai suna Peter Bryce ya rubuta rahoto cewa kusan ɗaya cikin huɗu na ɗaliban makarantun da ya samu alƙalumansu sun mutu, yawancinsu da tarin fuka, amma aka yi biris da shawarwarinsa. Kundin da ke ajiye a Jami'ar Manitoba, a cikin garinku, yana ɗauke da bayanin yara fiye da 4,000 da suka mutu, kuma da yawa daga cikin iyayensu ba a nuna musu ko kabarin 'ya'yansu ba. Ke uwa ce, kin san ba sai na yi miki bayanin nauyin wannan ba.

Waɗanda suka tsira ne suka kai ƙara kotu har aka cim ma yarjejeniyar biyan diyya a 2006, Firayim Minista Stephen Harper ya nemi gafara a majalisa ranar 11 ga Yuni 2008, aka kuma kafa Hukumar Gaskiya da Sulhu ƙarƙashin jagorancin marigayi Mai Shari'a Murray Sinclair, ɗan Anishinaabe daga Manitoba. Hukumar ta saurari mutane fiye da 6,500, ta bayyana abin da aka yi a matsayin yunƙurin hallaka al'adar jama'a, sannan a 2015 ta fitar da kiraye-kiraye 94 na abubuwan da ya kamata a aikata. Rigar da yaranki ke nema kuwa ta samo asali ne daga labarin Phyllis Webstad, wadda kakarta ta saya mata sabuwar riga mai ruwan lemo a 1973 tana shekara 6, aka tuɓe mata ita ranar da ta shiga makarantar kwana kusa da garin Williams Lake, ba ta sake ganinta ba. Tun daga 2013 ake tunawa da wannan ranar 30 ga Satumba, lokacin da aka saba kwashe yara daga gidajensu, kuma a 2021 gwamnatin tarayya ta mayar da ita ranar hutu ta ƙasa.

Na tsawaita ne domin mutanen da kike gani a bakin shagonki ba daga sama suka faɗo ba. Yaron da ya tashi ba uwa ba uba, cikin duka da wulaƙanci, ya girma bai ga yadda ake riƙon iyali ba, kuma wasu sun nemi mantawa ta hanyar giya da ƙwaya. Kafin a gama rufe makarantun kuma, daga shekarun 1960 hukumomin kula da yara suka shiga ɗauke dubban yaran 'yan asali suna ba wa wasu iyalai riƙo, kuma abin bai ƙare ba, domin ƙidayar 2021 ta nuna kashi 53.8 cikin ɗari na yaran da ke hannun masu riƙo 'yan asali ne, alhali su kashi 7.7 ne kawai na yaran ƙasar. A Manitoba kusan tara cikin goma ne. Matashin da ya cika shekara 18 a irin wannan riƙo sau da yawa yakan tsinci kansa ba gida ba dangi, shi ya sa duk ƙidayar marasa matsuguni da aka yi a Winnipeg take nuna wajen biyu cikin uku, ko fiye, 'yan asali ne. Duk da haka kada titi ya rufe miki ido daga sauran jama'ar. Akwai lauyoyi da likitoci da malamai da 'yan kasuwa a cikinsu, kuma Firimiyan lardinku da aka zaɓa a 2023, Wab Kinew, ɗan Anishinaabe ne, shi ne na farko daga Al'ummomin Farko da ya shugabanci wani lardi a Kanada.

Yanzu ga inda maganar ta shafe ki. Takardar da maƙwabciyarki ta liƙa tana nuni ne ga yarjejeniyar da aka sa wa hannu ranar 3 ga Agusta 1871 a Lower Fort Garry, arewa da Winnipeg, tsakanin wakilan Sarauniyar Ingila da shugabannin Anishinaabe da Cree. Da wannan yarjejeniya aka buɗe kudancin Manitoba ga baƙi su zo su zauna, su yi noma, su yi kasuwanci, a madadin alkawarin filaye da makaranta da wani ɗan kuɗi na shekara-shekara, wanda aka mayar dala 5 a 1875 kuma har yau dala 5 ɗin ake bayarwa. 'Yan asalin sun fahimci abin a matsayin raba ƙasa da zama tare, gwamnati ta rubuta shi a matsayin sallama ƙasa, kuma ko filayen da aka yi alkawari ba a cika su duka ba. Duk wanda ke da hayar shago a Winnipeg, ko jikan Bature ne ko 'yar Kano, a kan wannan yarjejeniya takardar hayarsa take tsaye. Ruwan famfon da kike wanke shago da shi ma yana da labari: daga tafkin Shoal ake jawo shi, tafiyar fiye da kilomita 130, ta magudanar da aka kammala a 1919, kuma aikin ya mayar da mazaunin wata al'ummar 'yan asali mai suna Shoal Lake 40 tsibiri, ba su samu hanyar mota ba sai a 2019. Daga 1997 zuwa 2021, shekara 24 ke nan, su da ke bakin tafkin sai sun tafasa ruwa ko sun sayi na roba kafin su sha, yayin da birni ke shan ruwansu a tace.

Idan kuma kin karɓi takardar zama 'yar ƙasa bayan watan Yuni 2021, ko kina shirin karɓa, to da bakinki kika yi ko za ki yi rantsuwar bin dokokin Kanada, har da tsarin mulkin da ya amince da haƙƙin asali da haƙƙin yarjejeniya na Al'ummomin Farko da Inuit da Metis. An ƙara wannan jimla ne saboda kira na 94 na hukumar sulhun. Musulma ta san matsayin alkawari da rantsuwa a addininta, kuma a ganina wannan kaɗai ya isa amsa ga tambayarki ta farko.

Game da cewa mu ma an mulke mu, gaskiya ne, kuma ya kamata hakan ya sa mu fi kowa saurin fahimta. Amma akwai bambanci babba. Turawan da suka ci Kano da Sakkwato a 1903 sun yi mulki ta hannun sarakuna, suka tattara suka tafi a 1960, suka bar mana ƙasarmu da harshenmu da addininmu, duk da ɓarnar da suka yi. A Kanada baƙin ba su tafi ba, su ne suka zama mafi rinjaye, kuma a wannan shekara ta 1960 da Najeriya ta karɓi 'yancin kai ne aka fara ba Al'ummomin Farko damar jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ba tare da sun rasa matsayinsu na 'yan asali ba. Baƙon da ya iso yau yana shiga ta ƙofar da tsarin ya buɗe masa, kuma cikin 'yan shekaru yana iya samun abin da mai ƙasa bai samu ba, saboda haka bai dace ya zo ya ɗora nasa rainin a kan wanda ya tarar ba.

Wannan ya kawo mu ga maganar 'yan'uwanmu, wadda ta fi komai damuna a wasiƙarki. Batun haraji ba haka yake ba. Sassaucin da ke cikin sashe na 87 na Dokar Indiyawa ya shafi 'yan Al'ummomin Farko masu katin rajista a ƙarƙashin dokar ne kawai, kuma a kan dukiya da kuɗin shiga da ke cikin yankunan da aka keɓe musu, ko kayan da aka kai can. Metis da Inuit ba su cikinsa, kuma ɗan asalin da ke aiki a cikin Winnipeg yana biyan harajin albashi kamar yadda maigidanki yake biya. Batun sa ido kuwa, bin mutum a cikin shago saboda kamanninsa wariya ce, dokar kare haƙƙin ɗan Adam ta Manitoba ta hana ta, kuma ana iya kai ƙarar mai shago a kanta. A watan Disamba 2019 an sa wa wani dattijo ɗan asali da jikarsa 'yar shekara 12 ankwa a gaban wani banki a Vancouver, ba don komai ba sai don sun je buɗe asusu da katinsu na rajista an yi zargin jabu ne, kuma ƙasar ba ta manta da wannan abin kunya ba. Mu da muka san yadda ake bin baƙar fata da mai hijabi da kallo a manyan kantuna, bai kamata a same mu da irin wannan hali ba. Sata tana faruwa, ba na musun haka, kuma kina da haƙƙin kare kayanki, amma da ƙa'ida guda ga kowa: kyamara a inda ya dace, kaya masu tsada kusa da mai karɓar kuɗi, kuma idan an ce a ajiye jaka a ƙofa to kowa ya ajiye, har da Alhajin da kuke masallaci ɗaya. Ki zaunar da ma'aikatanki ki faɗa musu wannan ƙarara, domin a nan ne aikin sulhun shagonki ya fara, kuma ba ya cin ko sisi.

Kira na 92 shi ne wanda hukumar ta yi wa 'yan kasuwa, kuma abubuwa uku ya nema: a tuntuɓi 'yan asali a nemi yardarsu kafin a yi aikin da ya shafi ƙasarsu, a ba su damar samun aiki da horo daidai da kowa, a kuma koya wa shugabanni da ma'aikata tarihin da na taƙaita a sama. Na farkon ya fi shafar kamfanonin ma'adinai da bututun mai da madatsun ruwa, amma sauran biyun sun shafe ki kai tsaye. Al'adarmu ce idan gurbin aiki ya samu a sanar a zauren WhatsApp na 'yan gida a ɗauki ƙanin wane, kuma ba laifi ba ne taimakon ɗan'uwa, sai dai ta haka shago kan shekara goma a unguwa ba tare da ɗan unguwar ya taɓa tsayawa a bayan kanta ba. Idan za ki sake ɗaukar ma'aikaci, ko na wucin gadi ne lokacin azumi da salla, ki kai sanarwar cibiyar CAHRD da ke titin Higgins, wadda aikinta shi ne horar da 'yan asali da haɗa su da masu neman ma'aikata. Kada ki nace sai mai shekaru na gogewa, domin matashin da ya fito daga riƙo ba shi da wanda zai tsaya masa, kuma jera kaya da karɓar kuɗi abu ne da ake koya cikin 'yan makonni. Ki biya shi abin da kike biyan sauran, ki ba shi izini idan rasuwa ko wani taron al'ada ya kira shi garinsu kamar yadda za ki so a ba ki ranar idi, kuma kada ki mayar da shi abin nunawa ga masu sayayya.

Sai kuma inda kuɗin shagon ke tafiya. Kowane wata kina biyan mai ɗauko kaya, mai kwashe dusar ƙanƙara, mai buga takardu, mai gyaran firiji, kuma a kowane ɗaya daga cikin waɗannan akwai kamfanonin 'yan asali, ana samun sunayensu a kundin majalisar kasuwancin 'yan asali ta ƙasa da ta lardin Manitoba. Idan farashi da inganci sun zo daidai, ki ba su. A kan kanta ma akwai abin da zai shiga: shinkafar tafki da Anishinaabe ke kira manoomin, da kifin tafkin Winnipeg wanda da yawa daga cikin masuntansa 'yan asali ne, kuma mutanenmu masu son kifi ne. Wannan ciniki ne, riba za ki ci su ma su ci, kuma ya fi ɗorewa a kan gudummawar da za a bayar sau ɗaya a shekara.

Takardar ƙofa kuwa, ba na hana ki liƙawa, amma ina ba ki shawarar ta zo a ƙarshe. 'Yan asalin da kansu sun sha kokawa cewa ana karanta irin waɗannan kalmomi a buɗe taro sannan a ci gaba da harka kamar da, kuma matar da aka bi da kallon zargi a cikin shago ba za ta ji daɗin ganin takardar girmamawa a ƙofarsa ba. Idan kin yi wata shida kina aikata abin da ke sama, sai ki rubuta taki da kalmominki, ki ambaci Yarjejeniya ta Ɗaya da mahaifar Metis da tafkin Shoal, ki kuma faɗi abu ɗaya da shagon ya ɗauki alkawarin yi. Hukumar birnin Winnipeg tana da wata yarjejeniya da ta ƙaddamar a 2017 wadda ƙungiyoyi da 'yan kasuwa ke sa wa hannu, kowa ya zaɓi abin da zai yi ya kuma kawo rahoto duk shekara, kuma amfaninta shi ne tana sa mutum ya auna kansa. Ki kuma lura cewa tun daga 2024 ranar 30 ga Satumba ta zama hutun doka a Manitoba, saboda haka ma'aikatanki suna da haƙƙin kuɗin ranar hutu, ko ki rufe ko ki buɗe. Idan kin rufe, ki kai yaran wajen tattakin da ake yi a cikin gari su ji daga bakin waɗanda abin ya shafa.

Akwai abin da nake so ki rarrabe, domin mutanen kirki da yawa suna cakuɗa shi. Sulhu maganar haƙƙi ce tsakanin al'ummomi, kamar bashin da ake bin gida wanda duk mai zama a cikinsa ke da rabon biya, kuma wanda ake bi bashi ba ya jiran godiya idan ya biya. Taimakon wanda ke kwana a titi kuwa maganar maƙwabtaka ce, ko ɗan asali ne, ko Bature, ko ɗan gudun hijira daga Sudan. Idan aka haɗa su wuri ɗaya sai mutum ya fara ganin dukan 'yan asali a matsayin mabarata, ya kuma ɗauka kwanon shinkafa ya biya abin da yarjejeniya ta tanada.

To amma kwanon shinkafar ma yana da muhimmanci a garin da sanyi ke kai maki 30 ƙasa da sifili, inda mutum zai iya rasa yatsunsa ko ransa a dare ɗaya. Ki tsara abin da za ki iya ɗauka ba tare da kin gaji ba: kujera ɗaya kusa da ƙofa da mutum zai zauna minti goma ya sha ɗumi, tulun shayi, safar hannu da ta ƙafa a kwali, da damar shiga bayan gida idan tsarin shagon ya ba da hali. Kayan da suka kusa ƙarewar wa'adi amma lafiyarsu ƙalau ki miƙa su ga bankin abinci na Harvest Manitoba ko cibiyar Ma Mawi Wi Chi Itata, wadda 'yan asali suka kafa a 1984 don tallafa wa iyalai, kuma lardin yana da dokar da ke kare mai ba da kyautar abinci da kyakkyawar niyya. Wasu shagunan suna ajiye allo inda mai sayayya zai biya kuɗin burodi ko madara ya bari ga wanda zai zo babu kuɗi, kuma wannan yana raba nauyin da sauran jama'a. Ki tambayi sunan wanda ya saba zuwa, ki gaishe shi da sunan kamar yadda kike gaishe da kowane maƙwabci.

Ba na so ki jefa kanki ko ma'aikatanki cikin haɗari. Wanda ya zo cikin maye ko ruɗewa, a yi masa magana a hankali, a bar masa hanyar fita, kada a taɓa shi, kuma idan akwai makami ko barazana ga rai to a kira 911 ba tare da jinkiri ba. Amma ba kowace matsala ce ta 'yan sanda ba. Lambar 211 tana haɗa mutum da masu ba da mafaka da abinci, ƙungiyar Main Street Project tana da motar da ke zagayawa don taimakon waɗanda ke titi, ga kuma Bear Clan Patrol, 'yan sintirin sa kai da 'yan asali suka kafa a 1992 suka kuma farfaɗo da su a 2015 bayan an tsinci gawar wata yarinya 'yar shekara 15 a Kogin Red. Ba sa riƙe makami, suna raba abinci, suna kwashe alluran da aka yar, kuma sun san mutanen unguwa da sunayensu. Ki ajiye lambobinsu kusa da na'urar karɓar kuɗi, ki kuma nemi maganin naloxone da lardin ke rabawa kyauta, wanda ke farfaɗo da wanda ƙwaya ta tsayar wa numfashi kafin motar asibiti ta iso, a koya wa ma'aikatanki yadda ake amfani da shi. Allah ya ba da iko, ya kuma tsare.

Tambaya: Ni ma ina da shagon tufafi a Edmonton. Ina so in san ko ya halatta in ba irin waɗannan maƙwabta zakkata ko da ba Musulmi ba ne. Kuma na ga ana rububin riguna masu ruwan lemo a watan Satumba, har na yi tunanin in yi odarsu da araha daga waje in sayar. Akwai aibu a ciki?

Daga wani Alhaji, Edmonton

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Mafi yawan malamai, har da na mazhabar Malikiyya, suna kan cewa rabon fakirai da miskinai na zakkar farilla na Musulmi ne, saboda haka ka fitar da ita inda aka saba, ka kuma tuntuɓi malamin masallacinku kan abin da ya keɓanta da halinka. Sadakar ganin dama kuwa ƙofarta a buɗe take ga kowa. Aya ta 36 a Suratun Nisa'i ta yi umarni da kyautata wa maƙwabci na kusa da maƙwabci na nesa ba tare da ta ware addini ba, aya ta 8 a Suratul Mumtahana ta halatta kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe mu ba, kuma an ruwaito cewa sahabi Abdullahi ɗan Amr, da aka yanka akuya a gidansa, ya riƙa tambaya ko an kai wa maƙwabcinsa Bayahude.

Batun riguna kuwa ba na ba ka shawarar ka yi shi yadda ka tsara. Wannan riga alamar makoki ce ta yaran da suka mutu da waɗanda suka tsira, kuma lardinku na Alberta yana cikin waɗanda suka fi yawan makarantun, a can ne ma, a Maskwacis da ke kudu da Edmonton, Fafaroma Francis ya nemi gafara a watan Yuli 2022. Cin riba daga irin wannan alama ba tare da masu ita sun amfana ba zai ɓata sunan shagonka, kuma zanen da ke kan rigunan da yawa mallakar masu zane ne 'yan asali waɗanda ake kwafar aikinsu ba da izini ba. Idan kana so ka sayar, ka saro daga mai zane ɗan asali ko daga dillalan da ƙungiyar Orange Shirt Society, mai wayar da kai game da ranar rigar ruwan lemo, ta amince da su, ka cire kuɗin da ka kashe, ka miƙa ribar ga wata ƙungiyar waɗanda suka tsira daga makarantun, ka kuma rubuta a jikin kanta sunan ƙungiyar da adadin da ke tafiya gare ta daga kowace riga. Haka nan idan za ka ajiye kayan ado na duwatsu ko takalman fata irin nasu, ka tabbatar hannunsu ne ya yi, ka sa sunan mai aikin a jikin kayan, kuma ka biya shi farashin da kuka yi yarjejeniya a kai kafin kayan su hau kanta.